Idanun da Mardiya Ta Ɗaga

'Yan ajin zane na birnin Alexandria sun sha gaya wa Mardiya cewa hoton fuskarta da ta zana ya yi kyau, sai dai idanun sun cika kallon ƙasa. Ita kuwa haka aka rene ta a Zinder. Da ƙyar ta gyara, ta ɗaga su.

Ran nan, bayan kowa ya watse daga ajin, Nassirou, abokin zanenta, ya daɗe tsaye gaban hoton.

"Mardiya, da kin taɓa kallona haka, da ban karɓi aikin Texas ba."

Mardiya ta ce, "Yaushe za ka tafi?"

"Jibi."

Ta sauke hoton ta miƙa masa, kanta a sunkuye.

"To, tafi da wannan. Ita ta iya kallonka."