Muryar Sama a Waƙar Ƙarshe

Wade ya yanka wa mahaifiyarsa naman ƙanana-ƙanana, ya tura mata farantin. Ardis ta dubi naman, ta dubi jan labulen dandamali, ba ta ɗauki cokali ba.

Tun da aka binne 'yarta Marnie a watan Fabrairu maganar Ardis ta fara ƙafewa. Da farko takan amsa gaisuwa. Sai wata rana ƙawar marigayiyar ta bugo waya, Ardis ta ɗauka ta ce halo, yarinyar ta fashe da kuka ta kashe. Daga ranar ta rufe bakinta ruf. Likita ya ce maƙogwaronta lafiya ƙalau. Wade ya riga ya rasa yayarsa, ga shi yana rasa uwarsa tana zaune a gabansa.

Shi ya sa ya kawo ta wasan Kirsimeti na ranar Lahadi, a gidan wasan kwaikwayon da Marnie ta yi shekaru tana aiki. A nan 'yan wasa su ne masu raba abinci. Sai ka ga mala'ika da fukafukan kwali ta zo maka da dankali, ana kaɗa ƙararrawa ta ajiye tire ta haye dandamali. Wanda kuwa ya yini yana zirga-zirga tsakanin tebura, kafin waƙar ƙarshe numfashinsa ya ƙare. Don haka gidan yake da wata dabara da baƙi ba su sani ba: akan sako tsohon faifai a ƙarƙashin muryoyinsu ya cika ɗakin. Marnie na cikin faifan. Ita ce mai muryar sama.

Wade ya sani. Ya je ya roƙi Duane, dattijon da ke kula da sauti, ya ɗaga muryarta kaɗan a yau. Duane ya ce ya bar masa wannan.

"Kai, ƙanen Marnie!" in ji Colleen, wadda ke kula da teburinsu, tana zuba kofi da rigar wasa a jikinta. "Har yanzu ba ka iya taje kanka ba? Ardis, ki taɓa abincin nan mana, ko mai dafawa ya bar ni in sha iska."

Ardis ta matsa mata hannu kawai.

Aka kashe fitilu. Wade bai bi labarin ba. Wasu makiyaya ne da wani masauki, da dusar ƙanƙara ta takarda tana zubowa daga rufi. Shi dai jira yake, hannunsa yana jiƙa tsumman tebur da gumi. A kusa da shi Ardis tana zaune a miƙe, ko mayafinta na sanyi ba ta cire ba.

Waƙar ta zo. Akwai baiti ɗaya da kowa ke cewa ku zo gida, an kunna fitila. Marnie ba ta taɓa faɗarsa daidai ba. Ku dawo gida take cewa, mai koyar da su ya yi faɗa har ya gaji ya ƙyale ta.

Wade ya rufe ido.

Muryar Marnie ta shigo. Siririya, can sama, da 'yar rawar nan da takan yi kafin ta kama. Ku dawo gida. Bai zaci za ta fito fes haka ba, kusa haka, kamar tana tsaye a cikin ɗakin da ɗumin jikinta. Tsigar jikinsa ta tashi. Ya so ya juya ya ga fuskar mahaifiyarsa, ya kasa, don tsoron kada ya tarar da ita kamar kullum. Ya bar idonsa a rufe har aka gama tafi.

Da haske ya dawo, Ardis tana riƙe da tsumma a bakinta, tana kallon farantin da ya huce.

"Mama, kin ji ta?"

Ta ƙara danna tsumman a bakinta.

Ya tashi ya hau ɗan benen da ke bayan ɗakin, ko ba komai ya yi godiya. Ya tarar da Duane a tsaye, fuskarsa ta yi fari.

"Ka yafe ni, yaro. Na'urar ta mutu tun kafin a ɗaga labule. Faifan bai juya ba ko sau ɗaya. Da bakinsu suka yi waƙar."

"Na ji ta, Duane. Har dawo ta ce."

Dattijon ya dubi na'urar. "Ni ma na ji."

Wade ya sauko yana dafa bango. Mutane suna ta fita cikin ƙanƙara, suna dariya. Ɗakin ya koma sanyi, ya riƙa duban kusurwoyin da haske bai kai ba, da labulen da ke motsi ba iska. Can gaba mahaifiyarsa tana nan inda ya bar ta, ita kaɗai a tsakiyar tebura.

Colleen ta tare shi da tire a hannu, kwalli ya ɓata mata kunci.

"Nan gaba ku riƙa yi wa mutane gargaɗi," ta ce. "Muna tsaye a dandamali muka ji abin ya taso daga teburinku, saura kaɗan in zube. Ashe a bakin Ardis Marnie ta ɗauko muryar nan, har da kuskuren."