Kayan da Zanzaro Ya Ɗauko

Ga wani misali da ya kamata mai saurin yanke hukunci ya riƙe. An yi wani mai lambu a bakin fadama da ya dasa kabeji fangali arba'in, kuma da shi yake sa ran ciyar da iyalinsa har faɗuwar damina. Kabejin ya fara ƙulla kai ke nan sai ganyen ya soma hujewa kamar rariya. Duk sanda ya sunkuya a kan ganyen da aka ci, sai ya ga zanzaro ya tashi daga wurin, ya nufi bukkar lambun, inda ire-irensa suka jera ɗakunansu na laka a jikin azara. Mai lambu ya ce ya kama ɓarawonsa. Ya sa sanda ya farfasa ɗakunan, ɓarna ta ƙaru. Suka sake gini, ya sake rushewa, ɓarna ta ninka. Sai ya ɗauka ramuwa suke yi, ya rantse ranar Asabar zai cinna wa bukkar wuta kowa ya huta. Ana gobe Asabar wani mai ɗaukar hoton tsuntsaye da ƙwari ya biyo ta lambun, ya ga zirga-zirgar zanzaron, ya roƙi a bar shi ya yi aikinsa na yini ɗaya. Mai lambu ya ce, "Bismilla, Malam. Ɗauke su da kyau, hoton ban kwana ne."

Baƙon ya rataya baƙin ƙyalle a cikin bukkar, ya kafa kyamara, ya ajiye wata fitila wadda take walƙiya sau da yawa kafin mutum ya ƙifta ido. Ya zauna shiru tun hantsi, bai bi ƙwaron da gudu ba, ya dai tsare hanyar da yake bi zuwa gida. Can wajen azahar zanzaro ya shigo, fitila ta yi wal-wal-wal, ya wuce. Baƙon ya kira mai lambu ya nuna masa. Ga ƙwaro ɗaya ya fito sau shida a hoto guda, a jere kamar an tsayar da shi a iska, fikafikansa a buɗe har ana ganin jijiyoyinsu. A ƙarƙashin cikinsa kuwa, tsakanin ƙafafunsa, yana rungume da wata koriyar tsutsa wadda ta kusa kai shi tsawo. Mai lambu ya koma fangalinsa, ya juya bayan ganye, abin da bai taɓa yi ba, sai ga irinta nan birjik, launinsu ya saje da na kabeji. Ashe wanda yake rushe wa gida shi ne yake kwashe masa ɓarayin ɗaya bayan ɗaya, yana kai wa nasa 'ya'yan abinci a ɗakunan lakar. Mai lambu ya yi wa Allah godiya da ya turo masa wannan bawa nasa kafin Asabar, ya cika wa baƙon jaka da tumatir da albasa, ya raka shi har bakin titi. Da ya dawo, sai ya kwaɓa laka a tsohon kasko, ya ajiye a gindin bukkar, kullum yana yayyafa mata ruwa domin maginan su samu ta gini kusa. Kabejin da ya rage ya ƙulla kai, iyalinsa suka ci har ruwa ya sauka.

Walƙiyar da ba ta kai ƙiftawar ido ba ita ta nuna masa abin da rana tsaka ta kasa nuna masa wata biyu. Gaskiyar Hausawa da suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.