Durom Marar Lamba

"Alhaji, wace irin guba aka zuba a durom ɗin nan?" in ji likita. "Sai na sani zan san maganin da zan ba jikarka."

Alhaji, mai masana'antar fenti, ya zuba ido kan durom ɗin da aka kawo asibitin.

Shekara da shekaru manajansa yana naci a sa wa kowane durom na dagwalon sinadari lamba, a rubuta abin da ke ciki da inda aka kai shi. Shi kuwa sai ya ja tsaki. "Shara za mu yi wa rajista kamar jariri? Ku kankare tambarinmu, direba ya san inda zai yi da su."

Ashe kasuwa direban ya sani. A can 'yar Alhaji ta sayi shuɗin durom mai araha, take tara ruwan sha.

"Baba, ka yi magana mana!" 'yar ta riƙe masa riga. "Irin na wajenku ne!"

Ya durƙusa gaban durom ɗin, yana shafa gefensa da yatsu. An kankare rubutun tas, ko ɗigo babu. Ma'aikatansa ba su taɓa yi masa ha'inci a aiki ba.