Ɗalibar Bencin Taga

Tambayarta ta farko ita ce ina haske ya fi kyau. Sakataren cibiyar koyar da manya ya nuna mata bencin da ke jikin taga, ya kawo mata ɗaliba guda, wata tsohuwa mai kanta a yatsa.

Mako biyu budurwar ta ware daga hutun jami'a don aikin sa-kai. Abin da ya kawo ta takarda ce, shaidar hidima ga jama'a mai sa hannun shugabar cibiyar, wadda in babu ita ba za a ko duba neman gurbin karatunta na waje ba. Shugabar kuwa kullum aka tambaya, tana kan aiki.

"Sauran matan fa?" ta ce, da ta ji muryoyi a ajin ciki.

"Suna da malamarsu," in ji sakatare, ya ja ƙofa.

Ta jingina waya da gorar ruwa, ta kunna ɗaukar bidiyo, ta fara. "Iya, wannan A ce. Ce A!" Da ƙarfi take magana, sai ka ce rashin karatu kurumta ne. In fensir ya karkace ta kama hannun Iya, fuskarta na kallon waya. Kwana biyu ba ta zo ba, ƙawarta na aure. Ran nan kuma ta tashi da wuri, caji ya ƙare.

Sau ɗaya Iya ta tambaya, "Malama, in kin tafi wa zai ci gaba da ni?"

"Allah zai kawo wani. Ɗan matso, inuwa ta rufe ki."

Ranar ƙarshe Iya ta rubuta sunanta, haruffan na tangaɗi. Malama ta fashe da kuka, ta duba wayar, ta sake wani kukan don na farko bai fito sosai ba.

Washegari ta zo karɓar takarda. Sakatare ya buɗe mata ofis, ya koma gefe.

"Shigo, 'yata," aka ce daga bayan tarin fayiloli. "Na rubuta abin da na gani, ban ƙara ba, ban rage ba. Masu zuwan mako biyu ba na ba su ɗalibaina su yi wasa da su. Ni nake zama musu ɗaliba."

Iya ta gyara tabarau, ta rattaba hannu da bugu ɗaya.