Tayar Da Ta Iso Ita Kaɗai

Ranar da Zubaidatu za ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe a jami'a, tayar gaban babur ɗin mahaifinta ta wayi gari tana kuka. Malam Lawal ɗan acaɓa ne a unguwar Yara, nan Keffi. Da wannan babur ya ɗauki karatun yarinyar shekara huɗu, kuma ya rantse ranar ƙarshe shi zai kai ta da kansa.

Da hantsi ya tura shi rumfar Baba Akanbi, tsohon bakaniken da ke gindin gangaren bakin titi. Akanbi ya juya tayar, ya kara kunnensa.

"Boris ne ya mutu, ƙwallayen ƙarfen nan da taya ke juyawa a kansu. Sai an cire taya a sa sabo. Amma sifana mai lamba sha tara ba ta nan. Manasseh abokin aikina ya tafi da ita hanyar Nasarawa. Ba ni awa ɗaya."

"Haba Baba! Duk tulin ƙarafan nan babu wadda za ta kama?"

"Sha bakwai ta yi kaɗan, ashirin da biyu ta yi yawa. Notin nan shi kaɗai ke riƙe ƙarfen da ya ratsa tsakiyar taya. Ba a yi masa dabara."

Lawal ya yi dariya. "Noti ai noti ne. Ku bakanikai kun iya mai da ƙaramin abu babba."

"Sa 'yarka ta hau wani mashin, Malam Lawal."

"Ina raye? 'Yata?"

Ya karɓi boris ɗin, ya tura babur ya koma gida. Ya fara da filaya, ta zame ta cinye kusurwoyin notin. Sai ya aro kurfin sare ƙarfe da guduma wurin maƙwabci, ya dinga saran gefen notin har ya juya. Ya sa boris, ya mai da taya. Da ya zo ɗaurewa, noti ya yi ta juyawa bai kama ba, don duka ya lalata zarensa. Lawal ya gani. Ku riƙe wannan, jama'a: ya gani da idonsa. Ya ƙara masa guduma biyu, ya goge hannu.

Zubaidatu ta fito da farin hijabi da biro biyu. Ta ɗaura wani jan ƙyalle a wayar tayar gaba, tana dariya. "Baba, yau mashin ɗinka ma ya gama jami'a."

Suka hau. Rana tsaka, gari ya yi tsit kamar an share mutane. Ba su yi nisa ba wata ƙara ta taso daga gaba. Ƙyas. Ƙyas. Ƙyas. A hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da farce.

"Baba, mene ne wannan?"

"Sabon boris ne, yana zama."

"Mu tsaya a duba mana."

"Ki yi ta karatunki a zuci."

Suna kaiwa kan gangare, ƙarar ta ɗauke ɗif. Lawal ya waiwayo da murmushi. "Kin ji? Ya daina."

Ya daina ne domin notin ya faɗi.

A ƙasan gangaren, Manasseh ya dawo ke nan yana miƙa wa Akanbi sifana. Sai suka hango wata taya tana gangarowa tsakiyar titi. Babu babur, babu mutum. Tafe take tsaye, ba sauri, jan ƙyalle yana juyawa a jikinta. Ta bar kwalta, ta ratsa tsakanin tebur ɗin mai lemo da kwata, ta shigo rumfar, ta jingina da benci, ta kwanta.

Akanbi ya duƙa ya ga sabon boris ɗin da ya bayar ɗazu. Sifana ta suɓuce daga hannunsa.

"Manasseh," in ji shi, "hau sama da gudu."

Sun tarar da Lawal a gefen titi, ƙugu ya karye, yana jan jiki da gwiwar hannu. Zubaidatu na kwance kusa da dakalin kwata. Hijabin ba fari ba ne kuma. Biro ɗaya na cikin hannunta. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. An kai ta makwancinta bayan La'asar, daidai lokacin da abokan karatunta ke fitowa suna yi wa juna murna.

Yau Lawal ba ya tafiya sai da sanduna biyu. Yana wuni a ƙofar gida. Ko yaushe aka yi shiru sai ya ɗaga hannu ya ce wa na kusa da shi, "Kun ji? Ƙyas, ƙyas." Babu mai jin komai. Ya ce ba ƙarar ce ke hana shi sukuni ba, lokacin da take ɗaukewa ne.

Tayar na rataye a rumfar Akanbi, ƙyallen ya koɗe. Duk ɗan acaɓan da ya zo yana cewa a yi masa dabara yana sauri, tsohon ba ya musu da shi. Sai dai ya nuna masa ita da baki.

Ku masu babura, da ku nake. Kowane noti da sifanarsa. In babu ita, ku jira, ko ku ajiye mashin. Awa ɗaya aka ce wa Lawal ya jira, ya ƙi, kuma wadda ke zaune a bayansa ce ta biya da ranta.