Shuɗin da Jan

Kaka ta gyara wa matar ɗaurin ɗankwali a bakin ƙofar kotu, ta ja shi da ƙarfi har sai da kanta ya girgiza.

"Share fuskarki. Ba a shiga gaban hukuma da majina."

Matar ta ce to, Inna, ta sunkuyar da kai. Ma'aikaciyar jinya ce, shekararta tara a ƙasar mutane. Aurenta ya mutu bara, an yi takarda, an raba kujeru da tukwane. Abin da ya ƙi rabuwa shi ne yarinya 'yar shekara shida, wadda Kaka ke kira Takwara. Yanzu matar ta samu aiki a wani asibiti, tafiyar awa biyar a jirgin ƙasa, har da ɗaki mai taga biyu kusa da makaranta. Tsohon mijin ya ce ta tafi duk inda ta ga dama, amma 'yarsa tana nan daram. Yau alƙaliya za ta yanke. In ta hana, sai matar ta zaɓa, ko aikin ko 'yar.

Ba ta tambayi Kaka abin da za ta faɗa a ciki ba. Ina ta ga bakin tambaya?

Wata biyu ke nan da saukar Kaka. Ba ta jin yaren garin, ba ta karanta ko harafi ɗaya, bene hawa shida da ƙafa take hawansa don ba ta yarda da akwatin da ke ɗaga mutane ba. Amma ido gare ta. Duk ranar da Takwara ke wurin ubanta, Kaka tana nan a kujerar kusa da firij, tana kallo.

Sai ga tsohon mijin da lauyansa, ya sha kwat, takalmi sai sheƙi yake. Ya rusuna ya gaida Kaka. Ta ba shi "lafiya" guda ɗaya, idonta na kan bango. Sunansa kuwa ba wanda ya taɓa ji a bakinta; wancan take cewa, in ta yi sassauci ta ce yaron nan.

A ciki lauya ya zuba bayani kamar famfo: gida mai ɗaki uku, mota, makarantar da yarinya ta saba, uba mai aikin ofis da ke tashi ƙarfe huɗu, uwa kuwa aikinta bai san safe ba bai san yamma ba. Alƙaliyar tana gyaɗa kai tana rubutu.

Aka kira Kaka. Tafinta, wani siririn mutum mai tabarau, ya ce ana tambayarta wurin wa yarinya za ta fi samun kula. Kaka ta ce ita ba ta zo yabon kowa ba, ba ta iya ba ma. Ta buɗe jakarta ta fito da maganin shaƙa guda biyu, shuɗi da ja, ta dire su a kan tebur.

Ta ce Takwara tana da ciwon numfashi. Ɗaya na kullum ne, safe da yamma. Ɗayan na ranar da ƙirji ya toshe ne. Sati uku da suka wuce, wata Asabar da rana, yarinya ta sarƙe a gidan wancan, leɓenta ya sauya launi. Ya fito daga ɗaki da waya a kunne, ya ɗauko wanda ba shi ba. Ita ta fizge na gaskiyar ta danna mata.

Lauyan ya miƙe zumbur. Alƙaliyar ta ɗaga masa hannu, ta dubi Kaka ta saman tabarau, ta sa tafinta ya tambaye ta har sau biyu ko ta san inda maganarta za ta kai.

"Gaya mata na sani. Kuskure kowa na yi. A tambaye shi yanzu wanne ne na ranar toshewa, mu ga ko ya koya."

Aka tura wa uban magungunan gabansa. Ya dubi shuɗin, ya dubi jan. Hannunsa ya tafi bayan kunne yana sosawa, Kaka kuwa ta san wannan susar sarai, ta mai cinke ce. Ta runtse ido tana roƙon Allah a ranta ya sa ya dace.

Ya ɗauki jan, na safe da yamma.

Ba a daɗe ba aka yanke: yarinya ta bi uwarta, uba ya riƙa ɗaukarta a hutu, bayan ya je wurin likita ya koya masa.

A waje matar ta durƙusa tana kuka. Kaka ta ɗago ta, ta damƙa mata magungunan, ta ce ta je ta kama aikinta, kuma in miji na kirki ya fito kada ta tsaya jiran kowa, ƙuruciya ba ta jira.

Sannan ta taka zuwa motar uban yarinyar. Yana zaune ya kifa goshi a sitiyari. Ta shiga baya, ta ce ya tuƙa su gida ta dafa masa abinci, tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Shi ya aika mata tikitin jirgi don ta zo ta tsaya masa shaida, ita kuwa ko yanzu ba ta kira sunansa ba, don shekara arba'in da ɗaya ke nan tana jin kunyarsa, ɗanta ne na fari.