Rahoto Mai Jan Bango

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, in ya gane ni, kar ya faɗi sunana. Ko a gida kar ya faɗa. Rubutuna ba wani mai kyau ba ne, ku yi haƙuri da shi haka.

A laburaren jami'a, bene na biyu, akwai ɗaki mai kwamfutoci. Nan ake koya wa ɗaliban injiniya yadda ake bincike, sati biyu, kullum da safe. Malamar laburare ce ke koyarwa, wata gajeruwa mai tabarau. Tana nuna musu yadda ake nemo littafi da lambar da ke bayansa, da yadda mutum zai rubuta inda ya samo magana, da yadda ake gane rahoton gaske da na bogi.

'Yan mata biyu ne ba sa fashi. Ɗaya gaba take zama, mu ce mata Ta-Gaba. Ɗayar can bakin ƙofa, Ta-Baya. Ta-Baya ce farkon shiga ɗakin, ita ce ƙarshen fita.

Ta-Gaba akwai kai, ba ƙarya. Kafin Malama ta rufe baki ta ɗaga hannu. Samarin ajin suna ce mata Hajiya Injiniya, tana cewa "ku bari mana" tana murmushi. Sau da yawa amsar tana bakin Ta-Baya ita ma, sai ta haɗiye abarta. Ba a taɓa nuna ta ba. In sun haɗu a matakala, Ta-Gaba sai ta ce "sannu" idonta kan waya, ta wuce. Wannan sannun ta fi zagi ciwo. Alhali tare suka taso, kuma suna ƙanana Ta-Baya ce ta fi saurin haddace abu.

Rana ta uku Malama ta buga tebur ta ce, "Doka ɗaya. Kar wanda ya mayar da littafi kan kanta da hannunsa. Ku bar shi kan tebur, ma'aikata su mayar. Littafin da aka sa a gurbin da ba nasa ba ya ɓata ke nan, ko yana gaban hancinku."

Wani dogo ya ce, "Malama, ai ni ma haka aka yi min. Ɗan ƙwallo ne ni, Baba ya ajiye ni a kantar injiniyoyi."

Kowa ya yi dariya. Ta-Baya ba ta yi ba. Ta riƙe maganar.

Sati na biyu aka ba kowa tsohon rahoto ya nemo, ya karanta, ya rubuta abin da ya gane, ya kawo da rahoton a hannu ranar Alhamis. Wanda ya fi kowa, wani Farfesa zai tafi da shi duba wata tsohuwar gada. Mutum ɗaya tak. Kowa ya san wa za a ɗauka.

Na Ta-Gaba rahoton rodin gada ne, mai jan bango, guda ɗaya a duk laburaren. Ran Talata ta samo shi, ta karanta rabi, ta bar shi kan tebur kamar yadda aka ce. Ta fita da ƙawayenta suna hirar takalmin da za ta saka zuwa gadar.

Ɗaki ya watse. Ta-Baya ta ɗauki rahoton. Ta san inda ƙura ta fi yawa, can ƙurya, kantar ƙasa, cikin littattafan noma da ba mai taɓawa. Ta cusa shi nan.

Ran Laraba kwamfuta ta ce rahoto yana nan, kanta ta ce babu. Ta-Gaba ta bi layi-layi da yatsa, ta durƙusa, ta hau kujera, mayafinta duk ya yi ƙura. Da la'asar tana kuka a ɓoye. Ta-Baya ta wuce ta kusa da ita har sau biyu. Ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi ta ji. Daɗi sosai.

Ran Alhamis aka ɗauki dogon nan, ɗan ƙwallo.

Bayan sati ma'aikata suna duba kantoci, sai ga jan bango cikin littattafan noma. Shugaban laburare ya fusata. Ya ce ɗalibai an koya musu doka, ma'aikata sun san lamba, saura wa? Aka kira dattijuwar da ke sharar benen, a gaban kowa.

"Baba, ke kike kwashe mana littattafai?"

Dattijuwar ta kalli ƙasa. Ta ce, "Ni ce, ranka ya daɗe."

Ta cire rigar aiki ta ninke, ta miƙa makullai. Ta-Gaba tana tsaye cikin ƙawayenta. Ɗaya ta ce, "Masu sharar nan sai a hankali." Ta-Gaba ba ta ɗago ido ba.

Kuma ba dattijuwar ba ce. Ran Talatar tana tsaye a ƙarshen layin da bokiti a hannu, ta ga komai.

Yau kwana shida ke nan dattijuwar, Innarmu, tana gida. Ni kuwa Ta-Baya, Inna ta karɓe tsintsiyar da nake taya ta shara da ita, ta jingine bayan ƙofa. Bari in ɓoye takardar nan, ga takun Ta-Gaba nan a tsakar gida, Yaya ta dawo, kuma katifarmu ɗaya, in ta ɗaga matashi ta ga